Ranar da Adda Ta Faɗi Sunana

'Ya'yana, na san abin da Goggo Dije ta faɗa muku kafin Allah Ya karɓi abarsa, domin ba ku kaɗai ta faɗa wa ba, duk wanda ya zauna kusa da ita ya kai tsawon shan fura sai ya ji. Cewa take ni na ɗauko uwata marar lafiya, na saka ta a kwalekwale a tsakiyar damina, na kai ta gaban baƙi na tona mata asiri saboda boko. Allah Ya jiƙan Goggo, rabin maganarta gaskiya ne. Ragowar rabin nake so in gyara muku tun idona yana ganin layin takarda, don kada watarana ku ba wa 'ya'yanku labarin a karkace.

Ku a gari kuka taso, kun saba ganin uwa ta rungume ɗanta na fari a bainar jama'a tana kiransa da sunaye iri-iri. A rugarmu, can bayan Kirikasamma, ba haka abin yake ba. Mutanenmu sun daɗe da daina yawo, suna noman shinkafa a fadama kamar kowa, Fulatancin ma ya fara gudu daga bakinmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta ma nuna ta san da zamansa. To ni ce 'yar fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a cikin Hadejia, gidan Kawu Jauro, yayan mahaifiyata. Shi ya sa ni a makaranta, da sunansa kuma aka rubuta ni, Ramatu Jauro. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Idan na je ruga hutu, "ke" ce ni, ko "waccan", ko "baƙuwar nan". Ina ƙarama abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na yi wayo na lura cewa duk ranar da aka raba tuwo, idan na kai ƙasan kwanona sai in tarar da curin man shanu a ɓoye, wanda babu shi a kwanon ƙannena.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ciwon ya bayyana. Ashe ta fi shekara tana jin ƙullutu a mamanta na hagu, ta yi gum. Da ya fara ruwa, Goggo Dije, ƙanwar Baffa mahaifina, ta yi ta yawo da ita wurin masu magani, wannan ya shafa, wancan ya tofa, wani ya ce iska ce ta taɓa ta a bakin kogi. Sai da Kawu Jauro ya zo ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi a gidan surukai ba, sannan aka kai ta babban asibiti a Kano. Likitoci suka ce ciwon daji ne, suka yanke maman. Shanun Kawu da mafi yawan na Baffa a wannan jinya suka tafi, ba wanda ya yi ƙorafi. Ina ajiye alƙalamin jarrabawa na tattara na koma ruga, na yi wata huɗu ina wanke mata ciwon safe da yamma kamar yadda wata nas ta nuna mini. Ku yi tunanin wannan: hannuna a kan ƙirjinta, ita kuma fuskarta a bango, ko sannu ba ta ce mini. Amma a nan na ga nama yana haɗewa a ƙarƙashin hannuna, a nan kuma na ƙudurta cewa aikin jinya zan karanta.

A gidanmu ba a taɓa kiran ciwon da sunansa ba. "Lalurar nan" ake cewa. Dalilin kuwa ba kunya kaɗai ba ce. Adda da tallan nono take riƙe gida, kindirmonta kuma ya yi suna a kasuwar Kirikasamma, matan ma'aikata har aike suke yi a ajiye musu. A lokacin mutane sun ɗauka ana ɗaukar ciwon daji kamar yadda ake ɗaukar tari, babu mai shan abin da hannun mai shi ya taɓa. Saboda haka aka ce zazzaɓi mai tsanani ta yi. Da ta samu ƙarfi sai ta cusa tsumma a gefen hagu, ta yafa zane, ta ɗora ƙwaryarta ta koma kasuwa.

Sakamako ya fito da kyau, makarantar koyon jinya a Kano ta ba ni gurbi. Shekarar da aka raba mu da Kano aka ba mu jiharmu ce, gari ya cika da murna, ni kuwa ina zaune da takarda a hannu ba ta da amfani. Kawu ya kira ni zaure, ya kasa kallona.

"Ramatu, kin ga dai garken. Igiya kawai ta rage."

Na ce masa na gani, Allah Ya saka da alheri. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Malama Rifkatu ce ta aiko a kira ni. Ita ta koya mana ilimin halittu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, gajeruwa mai faɗa, wadda ko shugabar makaranta tana shakkarta. Mijinta wannan ciwon ne ya kashe shi, ya bar ta da yara uku. Ita da Alhaji Garba mai bandar kifi, wanda shi ma ya binne matarsa a kan haka, da wani tsohon malamin asibiti, sun haɗa kai suna ɗaukar nauyin karatun yaron da ciwon daji ya shiga gidansu. Ban san yadda ta gane ba. Wataƙila ta ga yadda na rame, wataƙila tambayoyin da nake yi mata bayan darasi ne suka tona ni.

"Ba sai kin ba ni labari ba," in ji ta. "Katin asibitin mahaifiyarki kawai za ki kawo. Shi ke nan sharaɗinmu."

Na san inda katin yake, a ƙasan jeren ƙoren Adda, a naɗe cikin leda. Na je ruga na ɗauke shi ba tare da na tambaya ba. Wannan laifina ne, na yarda da shi. Ban ko buɗe ba, na kai musu a wani ajin firamare inda suke zama ranar Asabar. Tsohon malamin asibitin ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya dube ni.

"Yarinya, a nan an rubuta mijinta Bello, ke kuma Jauro. An rubuta 'ya'ya huɗu da sunayensu. Babba Sale. Ina Ramatu?"

Nan take na ga yadda aka yi. A ɗakin mata ba a bar Kawu ya shiga ba. Nas ta tambayi Adda 'ya'yanta nawa, ta lissafo daga Sale, ƙanena, zuwa auta, ta tsallake ni kamar yadda take tsallake ni kullum. Ba ƙarya ta yi niyya ba. A wurinta faɗin sunana a gaban baƙuwa ya fi yankan da za a yi mata wuya. Na yi musu bayani ina in'ina. Malama Rifkatu ta yarda nan take, amma Alhaji Garba ya girgiza kai.

"Na san al'adarku sarai, da Fulani na girma. Amma bara wani ya zo mana da katin maƙwabciyarsa, da kawunsa mai rantsuwa har da hawaye, muka ba shi, muka hana marainiyar da ta cancanta. Tun ranar muka yi alkawari, in mai ciwon tana raye, daga bakinta za mu ji."

Baffa ba ya nan, ya kora 'yan shanun da suka rage zuwa tudu saboda ruwa ya cika fadama, babu mai sanin inda zai same shi kafin kaka. Malama ta ce to su za su je rugar da kansu. Na ce ta rufa mini asiri, in mutum uku 'yan birni suka sauka daga kwalekwale suna neman Adda, kafin azahar kowa ya san dalili. Suka ba ni zuwa Asabar ta sama, domin makaranta ta kusa buɗewa.

Ruwan shekarar ya yi yawa. Daga inda mota take tsayawa sai ka shiga jirgin fito, ka ratsa ta kan gonakin mutane, kana ganin kan shinkafa yana leƙowa. Ina isa na fara gaya wa Goggo Dije, ina tsammanin za ta shige mini gaba. Ta saki muciya ta riƙe haɓa.

"Ke yanzu uwarki za ki tsayar a gaban maza ta ce ita ta haife ki? Ta kuma ce ga ciwon da ke jikinta? To wa zai ƙara shan nononta? Ƙannenki takardarki za su ci? Boko dai bai yi miki rana ba, wallahi."

Maganarta ta shige ni, don ba ƙarya ta yi ba. Kwana biyu ina juya abin. Idan na yi shiru, karatu ya tafi. Idan na yi magana, na taɓa abincin gidanmu, na kuma taɓa abin da Adda ta riƙe shekara goma sha tara ba ta saki ba. Har yau ban ce muku na san wanne ne daidai ba. Na dai san abin da na zaɓa. Da hantsin rana ta uku na same ta a bayan bukka tana kaɗa mai a cikin gora, na durƙusa a gabanta, ba a gefe ba kamar yadda aka koya mini. Tunda nake ban taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba. Na gaya mata komai, gurbin, da mutanen nan uku, da katin da na sata, da sunan da babu.

"Adda, ba na so ki ji kunya saboda ni. Amma ina son karatun nan. Ina so in iya yi wa wasu abin da na yi miki."

Goran bai tsaya ba. Ta yi ta kaɗawa, idonta a kan kajin da ke tono. Can ta yi magana, ba da ni ba, da iska.

"A gaya wa baƙuwar nan ta mayar mini da katina inda ta ɗauko shi."

Na mayar. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, kuma uwata ce. Na ce a raina, wata huɗu ina wanke ruwan ciwonki, amma ban kai ki buɗe baki sau ɗaya ba. Ranar Juma'a na koma Hadejia ni kaɗai, ban yi mata sallama ba. Ku lura da wannan da kyau, ni kaɗai na shiga jirgin.

Asabar na tafi makarantar don in ce musu na janye, tunda Malama ta yi mini ƙoƙari bai kamata in ɓace mata kawai ba. Barandar a cike take da yara da iyayensu, kowa da katinsa, kowa yana kauce wa idon kowa. Har na hango matar wani ma'aikacin gona daga Kirikasamma wadda take sayen kindirmonmu, ta rako ɗan ƙanwarta. Na gode wa Allah a zuciyata da Adda ba ta zo ba. Aka kira ni, na shiga, na tsaya, na fara cewa mahaifiyata ba za ta samu zuwa ba. Sai na ga Malama Rifkatu ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo.

Adda ce, da ƙwaryar nono a ka, zaninta a jiƙe har gwiwa, laka a ƙafafunta. Daga baya na ji cewa ta ce wa Goggo kasuwa za ta. Ta shiga jirgin fito, ta hau a-kori-kura tare da buhunan kifi, ta yi ta tambaya a gari har aka nuna mata makarantar. Matar da ba ta iya ɗaga hannun hagu sosai ba tun bayan aikin. Ta sauke ƙwaryar a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe su, ta zaro katin daga ƙugunta ta ajiye a kan tebur. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Mutanen baranda suka matso jikin taga.

Alhaji Garba ya sassauta murya. "Sannu da hanya, baiwar Allah. Wannan yarinyar, wace ce a wurinki?"

"'Yar gidan Jauro ce."

Na runtse ido. Na ce shi ke nan, ta sha wannan wahala duka don ta zo ta ƙarasa ni. Malama Rifkatu ta tashi daga kujerarta, ta zagayo ta tsuguna kusa da ita.

"Mama, ba sai kin faɗa ba. Zan tambaye ki, in haka ne ki ɗaga kai kawai. Ko ba haka ba, Alhaji?"

Alhaji ya ce hakan ma ya wadatar, zuwanta kaɗai ya ishe shi shaida. Ga hanya an buɗe mata, mai sauƙi, wadda ko Goggo ba za ta ga laifinta ba. Tsohon malamin asibitin ya ajiye tabarau. Adda ta girgiza kai.

"A'a. Da bakina na rage a takardar nan, da bakina zan cika."

Ta gyara zanen kafaɗarta. Ta yi magana, har baranda an ji.

"Ciwon daji ne, a Kano aka yanke mini. Biyar na haifa, ba huɗu ba. Wannan ce ta fari. Ita ta yi jinyata. Ramatu. Sunanta Ramatu."

Na sha jin sunana a bakin malamai da ƙawaye, har na ɗauka na san shi. Ashe ban taɓa jinsa ba. Ta ja shi a hankali, da irin lafazin mutanen ruga, kamar mai ɗauko abin da ta daɗe da ajiyewa a ƙasan ƙwarya. Na zauna a kan bencin yara ina kuka da majina, babu ko kunya. Alhaji Garba ya juya yana neman wani abu a aljihunsa wanda babu shi. Tsohon malamin asibitin ya ɗauki biro, ya rubuta sunana a saman na Sale.

Yanzu ga rabin gaskiyar Goggo. Kafin kasuwa ta sake ci labari ya riga Adda isa. Matan da suke aike a ajiye musu suka ɗauke ƙafa. Ta yi watanni tana dawowa da ƙwarya a cike, ana ba wa maruƙa, ƙannena suka sha tuwo babu miyar kirki a wannan shekarar. Ina Kano ina jin labari, abinci ba ya wuce mini. Na rubuto wa Kawu cewa zan dawo, ya aiko mini da amsa cewa Adda ta ce in baƙuwar nan ta kuskura ta dawo ba takarda, kada ta sauka a gidanta. Malama Rifkatu kuwa ta sa aka riƙa kawo mata kindirmon duk mako, ta zauna a tsakiyar ofishin malamai tana sha da ludayi, tana tambayar ko akwai mai so. Alhaji ya sa ana kai masa rumfarsa, yana dama fura da shi a gaban masu sayen kifi. Da mutane suka ga shekara ta zagayo ba wanda ya mutu, sai suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, har da matar ma'aikacin gonar, wadda ta ce wai dama tafiya ta yi. Wasu ba su dawo ba har abada. Amma mata biyu daga rugagen kusa sun zo wurin Adda a ɓoye suka nuna mata ƙirjinsu, ta sa aka kai su Kano da wuri. Ɗayarsu ta yi tsawon rai, ta ci tuwon sunan jikokinta.

An ce muku tafiyar ce ta kashe Adda, ba haka ba ne. Ta ƙara shekara tara a duniya. Ta gan ni da farar rigar nas, ta kawar da kai, ta ce wa Goggo wai dubi yadda waccan ta rame, ba sa ba su abinci ne a can? Ba ta sake faɗin sunana ba, ko sau ɗaya, har na rufe mata ido. Ni ma ban sake nema ba.

Amma bari in koma ranar, don akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da muka fito daga makarantar na ɗauki ƙwaryar, na raka ta har ruga. A cikin jirgin fito muka zauna kusa da juna saboda cunkoso, mai jirgi yana tura gora, ruwa ya shafe ko'ina. Na buɗe baki zan yi godiya.

"Ke, matsa can, kin cika wuri," in ji ta, tana kallon wani tsuntsu.

Na yunƙura zan matsa, sai na ji an riƙe ni. Hannunta ne, na hagun da ba ya ɗaguwa, ya biyo ta ƙarƙashin mayafi inda ba mai gani, ya kama tsintsiyar hannuna. Ba ta saki ba har jirgin ya daki gaɓa.

Aminu, kai ne ɗan farina, kuma na san kana jin nauyi idan na tsaya a ƙofar gida ina ƙwala maka kira a gaban abokanka, da gemunka da komai. Ƙannenka suna yi maka dariya, matarka tana rufe baki. Ka yi haƙuri, ba zan daina ba. Ni sau ɗaya aka kira ni, na kuwa san abin da aka biya.